Sabon Bugu Ba Ya Sabunta Wa'adin Tsohon Littafi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ɗan fili mu yi bayani a kan wani kuskure da ya yi katutu a harkar littattafai, tun daga masu maɗaba'a har zuwa masu shaguna a Kurmi da Sabon Gari, kai har da wasu malaman makaranta. Kuskuren shi ne ɗauka cewa shekarar da aka rubuta a bayan shafin take, kusa da alamar nan ta ©, ita ce mafarin haƙƙin mallakar duk abin da ke cikin littafi, kuma daga ita ake ƙirga ranar ƙarewarsa.

Mutum biyu wannan fahimta take cuta. Na farko ya ga an rubuta "sabon bugu, 2015" a kan littafin da mai shi ya kwanta dama shekara ɗari biyu da suka wuce, sai ya ja da baya, alhali matanin ya daɗe da zama na kowa. Na biyu kuwa ya ji an ce ai littafin na mutanen da ne, sai ya ɗauki bugun 2015 ɗin, ya sa aka ɗauki hotonsa shafi bayan shafi, da gabatarwa da sharhi da fihirisa, ya buga kwafi dubu uku, ya jefa kansa cikin shari'a da ƙafarsa.

Dokar da ke aiki a Najeriya yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. A ƙarƙashinta, haƙƙin rubutaccen aiki yana nan muddin marubucin yana raye, sannan ya ƙara shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. A lura da "ƙarshen shekarar". Wanda ya rasu ranar 3 ga Maris 1970 da wanda ya rasu ranar 28 ga Disamba 1970 lissafinsu ɗaya ne: haƙƙinsu zai ƙare ranar 31 ga Disamba 2040, washegari aikin ya zama na kowa. Idan mutum biyu ko fiye suka haɗu suka rubuta, daga rasuwar na ƙarshensu ake fara ƙirga. Hoton kyamara wa'adinsa shekara 50 ne daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a, haka ma aikin da aka yi a ƙarƙashin umarni ko kulawar gwamnati. Duk cikin wannan lissafi babu inda aka ce a duba shekarar bugu na biyu ko na goma. Marubuci kuma ba ya buƙatar rajista kafin ya samu haƙƙi. Rajistar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa take yi shaida ce da ke amfani a gaban alƙali, ba ta ƙara wa wa'adi ko kwana ɗaya.

To ina matsayin sabon bugu? Duk wanda ya yi karatun zaure ya san amsar tun kafin ya ji sunan doka. A buɗe sharhin Ibnu Aƙil a kan Alfiyya, bugun da ɗaliban nahawu suka fi riƙewa. Shafi ɗaya hawa uku ne. A sama akwai baitocin Ibnu Malik, wanda ya rasu a 1274. A tsakiya akwai sharhin Ibnu Aƙil, wanda ya rasu a 1367. A ƙasan layi, da ƙananan haruffa, akwai ta'aliƙin Muhammad Muhyiddin Abdulhamid, malamin Azhar da ya rasu a farkon shekarun 1970. Hawa biyu na sama babu mai iko da su, kowa na iya bugawa. Hawa na ƙasa kuwa, a lissafin shekara 70, yana da masu shi har bayan 2040. Takarda ɗaya ce, tawada ɗaya, amma kowane hawa da agogonsa, kuma agogon na ƙasa bai mayar da na sama baya ba ko da daƙiƙa.

Haka abin yake ga kowane littafi da aka yi wa gyara. Abin da mai gyara ya ƙara daga fasaharsa nasa ne, wa'adinsa kuma daga rasuwarsa za a ƙirga. Abin da ya tarar yana nan a kan wa'adinsa na asali. Ƙamus ɗin Bargery na Hausa da Turanci ya fito a 1934. A 1993 Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake fito da shi tare da ƙarin kalmomi da sabuwar gabatarwa daga Neil Skinner. Shekarar 1993 ta shafi ƙarin Skinner da gabatarwarsa ne, ba ta sabunta ko kalma ɗaya daga cikin abin da aka tattara a 1934 ba. Dokar Amurka ta faɗi wannan ƙa'ida ƙarara a sashe na 103: haƙƙin aikin da aka gina a kan wani aiki iyakarsa abin da sabon mai aikin ya kawo, ba ya faɗaɗa haƙƙin tsohon kuma ba ya tsawaita shi. A kan haka ne wata kotun ɗaukaka ƙara ta can ta yanke a 2014 cewa magadan marubuci Conan Doyle ba za su hana mutane amfani da Sherlock Holmes, jarumin labaransa na bincike, kamar yadda yake a labaran farko ba don kawai labarai goma na ƙarshe wa'adinsu bai cika ba. Abin da labaran ƙarshen suka ƙara shi kaɗai ya rage a kulle, shi ma ya buɗe a farkon 2023.

Inda gardama take shi ne wane irin gyara ne ya isa a kira shi sabon aiki. Dokarmu tana neman abu biyu: a yi ƙoƙarin da ya ba aikin siffa tasa ta kansa, kuma a ajiye shi a wani abu da za a iya karantawa ko saurara. Sabuwar gabatarwa ta cika wannan sharaɗi. Sharhin ƙasan shafi, da tambayoyin bita a ƙarshen babi, da sabon babi sukutum, da taswira ko zanen da aka yi domin bugun, da jerin ma'anonin kalmomi masu wuya, duk sun cika. Taƙaita dogon littafi domin 'yan firamare ma aiki ne, tunda sai an zaɓi abin da za a bari, an sake gina jimloli. Amma gyara kurakuran ɗab'i, da canza haruffa zuwa manya, da sa sabon bango mai ƙyalli, da mayar da lambobin shafi daga sama zuwa ƙasa, waɗannan ba sa haifar da sabon haƙƙi a kan matani. Zanen bangon kansa yana da mai shi, iyakarsa ke nan.

Wanda ya fi shafar mu a nan shi ne gyaran ƙa'idojin rubutu. Tsofaffin littattafan boko cike suke da rubutun da yau ba a yi: "ch" a wurin "c", ɗigo a ƙarƙashin harafi a wurin lanƙwasa, haɗe kalmomin da yanzu ake rabawa. Wanda ya bi littafi ya daidaita waɗannan ya yi hidima, ya cancanci ladan aikinsa da ambaton sunansa. Sai dai ƙa'ida ya bi, kuma duk wanda ya bi ƙa'idar daidai abu ɗaya zai fitar. Abin da mutum goma za su yi ya fito iri ɗaya da wuya a ce ɗayansu ya mallake shi. Wannan gardama ba sabuwa ba ce. Tun a 1870 wata kotu a Sikotlan ta zauna a kan sabon bugun wasu ayyukan marubuci Walter Scott, ta kare sababbin sharhunan da aka ƙara, ta kuma nuna cewa 'yan gyare-gyaren kalma nan da can ba sa mayar da tsohon matani sabo.

Tahƙiƙi, wato tace tsohon matani daga kwafin rubutun hannu, shi ne wuri mai santsi, kuma a nan ya kamata masu buga littattafan magabatanmu su taka a hankali. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, Nana Asma'u a tsakiyar shekarun 1860. Babu wani gida ko kamfani ko jami'a da ke da haƙƙin mallaka a kan kalmominsu. Amma matanin da ke hannun mutane a yau sau da yawa ba daga rubutun hannu guda ya fito ba. Wani ne ya tattara kwafi huɗu ko biyar, ya gwama su, ya zaɓi karatun da ya fi inganci inda suka saɓa, ya cike gurbin da gara ta ci, ya sa wasulla da aya, ya fitar da madogarar ayoyi da hadisai, ya rubuta tarihin mutanen da aka ambata. Muƙaddimarsa da bayanin kwafin da ya yi amfani da su da ta'aliƙinsa da fihirisarsa nasa ne, babu ja. Tambayar ita ce matanin da ya tace, shi ma nasa ne?

Mai tahƙiƙi yana cewa ne ya dawo da abin da mawallafi ya rubuta, don haka in ya dace, kalmomin na mawallafi ne. Duk da haka kotuna sun sha ba irin wannan aiki kariya idan ya ƙunshi zaɓi da hukunci na ƙwararre. A 2000 Kotun Ƙolin Isra'ila ta amince da haƙƙin Elisha Qimron a kan wani tsohon matani da ya harhaɗa daga gutsattsarin fatun da aka tono kusa da Tekun Gishiri. A 2005 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta ba Lionel Sawkins gaskiya a kan bugun da ya shirya na kiɗan wani Bafaranshe da ya mutu tun 1726. Jamus kuwa ta yanke gardamar da doka: bugun ilimi na tsohon matani yana da kariyar shekara 25 daga fitowarsa, daga nan ya buɗe. A ganinmu wannan tsari na Jamus ya fi adalci, domin ya biya mai tahƙiƙi wahalarsa ba tare da ya kulle matanin magabata tsawon rayuwarsa da ƙarin shekara 70 ba. Tunda dokarmu ba ta ware wa tahƙiƙi nasa wa'adi ba, mai hankali ba ya kwafe matanin da wani ya tace daga kwafi da yawa sai da izini. Mayar da ajami boko ma haka yake. In harafi da harafi ne kawai, aikin ƙa'ida ne. In kuwa sai da aka warware inda ajamin ke ɗaukar karatu biyu, aka tsayar da karin waƙa, aka raba baitoci, to an shiga gonar mai aikin. Kundin ayyukan Nana Asma'u da Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997 misali ne: waƙoƙin na kowa ne, amma juyarwarsu da fassararsu da bayanansu ba na kowa ba ne.

Fassara ba ta da wannan ruɗani. Aiki ne mai zaman kansa, agogonsa yana bin mai fassara. Alƙur'ani mai girma ba mallakar kowa ba ne, amma tarjamar ma'anoninsa zuwa Hausa da Shaikh Abubakar Mahmud Gumi ya yi rubutunsa ce, kuma ya rasu a 1992, lissafin shekara 70 ya kai ƙarshen 2062. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, mai shi ya rasu a Janairun 1966, don haka in an bi ƙa'idar rasuwar marubuci matanin Hausa zai buɗe a farkon 2037. Fassarar Turanci da Mervyn Hiskett ya fitar a 1967 kuwa sai ƙarshen 2064, domin shi a 1994 ya mutu. Ke nan akwai shekara 28 da kowa zai iya buga Hausar, ko ya yi tasa sabuwar fassara, amma bai isa ya taɓa ta Hiskett ba. Kuma mai sabuwar fassara ya fassara daga asali. In ya ajiye tsohuwar fassara a gabansa yana canza kalma ɗaya a kowane layi, kwafa ya yi, kuma ana ganewa.

Ga masu cewa ilimi ba a mallakarsa, muna tunatarwa a taƙaice cewa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa haƙƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta shi. Ilimin da ke cikin littafi kowa na iya ɗauka ya karantar ya rubuta da kalmominsa, dokar ma ba ta hana ba. Abin da ta hana shi ne kwashe kalmomin wani da tsarinsa a kai kasuwa.

Akwai wata dabara da ake yi don a tsawaita wa'adi, wato ƙara suna a bango. Marubuci ya rasu, sai a sa ɗansa ko ɗalibinsa ya duba littafin, a fito da bugu na biyar da sunaye biyu, a ce ai yanzu aikin haɗin gwiwa ne, sai na biyun ya rasu za a fara ƙirga. Haɗin gwiwa a doka yana nufin mutanen sun yi aikin tare, har ba a iya raba gudummawar wannan da ta wancan. Wanda ya zo bayan an gama, mai gyara ne, abin da ya ƙara shi ne nasa. An ga irin wannan ja-in-ja a Turai a kan kundin Anne Frank, yarinyar da ta mutu a sansanin 'yan Nazi a 1945. Da shekara 70 ta kusa cika a ƙarshen 2015, gidauniyar da ke riƙe da haƙƙin a Basel ta ce mahaifinta, wanda ya tace rubutun ya fitar da shi kuma ya rayu har 1980, yana da nasa haƙƙi a kan bugun da duniya ta sani. Masana da yawa suka ƙi yarda. Ko da an karɓi maganar gidauniyar, a kan zaɓi da jerin da uban ya yi take tsayawa. Littattafan makaranta da ake sabuntawa duk lokacin da manhaja ta canza su ne suka fi faɗawa cikin wannan, domin bayan bugu shida ko bakwai babi ɗaya yana iya ɗauke da hannun mutum huɗu.

Yanzu ga mai maɗaba'a ko ɗan kasuwar da ke son fito da tsohon littafi cikin kwanciyar hankali. Ya fara da tabbatar da shekarar rasuwar marubuci daga majiya fiye da ɗaya, ya ƙara 70, ya kai ƙarshen shekarar. In shekarar Hijira ce a hannunsa, ya juya ta da kyau, domin shekarar Hijira ɗaya galibi tana ratsa shekarun Miladiyya biyu, kuskuren shekara guda kuma ya isa ya mayar da halal ɗin bugu laifi. In marubucin ya rasu kafin tsakiyar shekarun 1960, akwai ƙarin bincike, domin dokar 1970 shekara 25 kacal ta ba marubuci bayan rasuwa kafin ta 1988 ta mayar da shi 70, kuma sai lauya ya duba wace doka ce ta riski aikin. Wanda ba ya son wannan wahala ya tsaya a kan 70. Haka kuma littattafan farko na boko da yawa sun fito ne ta hannun Hukumar Talifi da Kamfanin Gaskiya na Zariya da aka kafa a 1945, kafin kamfanin wallafa littattafai na Arewa, NNPC, ya zo a 1966. A irin waɗannan sai an duba takardu a ga ko marubucin ya yi aikin ne a matsayin ma'aikacin hukuma, da kuma wanda haƙƙin ya koma hannunsa daga baya.

Bayan haka ya nemo bugun da ya tabbata duk abin da ke cikinsa ya buɗe, wato mafi tsufa, ko rubutun hannu. Gidan Arewa a Kaduna, da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna wurare ne da ake fara dubawa. Irin waɗannan wurare suna da nasu sharuɗɗa na ɗaukar hoto, kuma wanda ya sa hannu a kansu ya ɗaure kansa da alkawari ko da matanin na kowa ne. Daga wannan tsohon kwafi za a sake buga matanin a kwamfuta, a tsara shafuka daga farko. In akwai sabon bugu a kasuwa, a ajiye su gefe da gefe a bi su layi-layi, a yi alama a duk inda suka bambanta. Duk abin da ke cikin sabon wanda babu shi a tsohon, a bar wa mai shi. Hotuna da zane a bi su ɗaya-ɗaya, domin mai zane sau da yawa ya fi marubuci ƙuruciya, agogonsa kuma daga tasa rasuwar yake farawa. A ajiye hoton shafin take na tsohon bugun da takardar gwamawar a fayil, su ne hujja ranar da wasiƙar lauya ta iso.

Dalilin da ya sa muka nace a kan sake bugawa a kwamfuta shi ne yadda ake kama masu kwafa. Ba wani sihiri ba ne. Kuskuren ɗab'in da ke shafi na 47 na bugun mai ƙara sai a same shi a shafi na 47 na wanda ake ƙara. An goge sharhin ƙasa amma an manta da ƙananan lambobin da ke nuni gare shi a cikin matani. Kalmomin da mai tahƙiƙi ya cike da su a cikin baka suna nan daram. Kowane shafi ya fara ya ƙare a kalma ɗaya da na wancan. Alƙali ba ya buƙatar ƙwararre kafin ya ga wannan. A Ingila ma tsarin shafin kansa yana da kariyar shekara 25 daga fitowar bugun, ko da matanin na Shakespeare ne, don haka mai niyyar sayarwa a can ya san da wannan.

Maganar ƙetare ta kawo mu ga wani abin da ake mantawa. Haƙƙin mallaka yana bin dokar ƙasar da aka buga ko aka sayar. Yarjejeniyar Bern ta ƙasa da ƙasa a kan haƙƙin mallaka, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ta sa mafi ƙarancin wa'adi shekara 50 bayan rasuwa, kowace ƙasa kuma tana iya ƙarawa. Masar da Labanan a kan 50 suke, Gana a kan 70 kamar mu. Amurka kuwa ga littattafan da aka buga kafin 1978 shekara 95 take ƙirgawa daga bugun farko. Saboda haka ganin an sake buga wani tahƙiƙi a Alƙahira ko Bairut ba tare da izini ba bai zama hujjar yin haka a Kano ba. Wanda zai sa littafi a intanet ko ya tsallaka da shi iyaka ya yi lissafin kowace ƙasa, ya ɗauki mafi tsawo.

Duk abin da muka faɗa a kan matanin da ya buɗe ne. In wa'adin asali bai cika ba, gyaran kansa ma sai da izini. Ba a taƙaita littafin Abubakar Imam, wanda ya rasu a 1981, ko a fassara shi, ko a mayar da shi wasan kwaikwayo, don kawai an ƙara masa abu sabo. Izinin yana hannun wanda ke riƙe da haƙƙin, ko magada ko kamfani. Mallaka wa wani haƙƙi, ko ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, ba ya inganta a dokarmu sai a rubuce. A nan ne iyalai da yawa suke yin sake. Haƙƙin littafi dukiya ce da ake gada kamar gona, amma da wuya a ji an ambace shi ranar rabon gado, sai bayan shekara ashirin a rasa wanda zai sa hannu. Yarjejeniyar gyara ta fayyace abubuwa tun farko: wa zai mallaki ƙarin, mai gyara ko kamfani, nawa ne kason magada nawa ne na mai gyara a kowane kwafi, ko kason zai canza a bugu na gaba in an sake ƙari, da yadda za a rubuta sunaye a bango. Doka ta ba marubuci haƙƙin a ambaci sunansa da haƙƙin ƙin a jirkita masa aiki ta yadda zai zubar masa da mutunci, don haka mai gyara ba shi da hurumin cusa ra'ayinsa a cikin matani ya bar shi da sunan mamaci.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Dokar 2022 ta tanadi tarar da ba ta gaza Naira 10,000 ba a kan kowane kwafi ga wanda ya buga na sata don sayarwa, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, ko duka biyun. Kwafi dubu ukun da muka ambata a farko Naira miliyan 30 ke nan, ban da diyyar da mai haƙƙi zai nema a Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Dokar ta kuma wajabta wa masu wallafa da masu maɗaba'a riƙe rajistar duk abin da suka buga, da sunan marubuci da take da shekara da adadin kwafi. Mai injin da ya ce shi aiki kawai aka kawo masa, wannan rajista za a fara tambayarsa.

Kamfanonin wallafa su ma da nasu laifi a wannan ruɗani, kuma gare su muke da roƙo. Rubuta © da shekarar bana a kan littafin da kashi 95 cikin 100 nasa na magabata ne, ba tare da bayani ba, tsoratar da mutane ne daga abin da yake halalinsu. Sabuwar lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa yake bayarwa ga bugun da aka yi wa canji mai yawa lambar kasuwa ce, ba ta nuna mallaka. A Amurka mai rajistar sabon bugu sai ya rubuta a fom abin da ya tarar da abin da ya ƙara. Babu abin da ya hana mu yin haka a bayan shafin take, da layi uku kacal: shekarar bugun farko da sunan marubuci da shekarar rasuwarsa, sannan "gabatarwa, sharhin ƙasan shafi da fihirisa © shekara kaza, wane", sannan a faɗi ko an taɓa matanin da irin taɓawar da aka yi masa. A cikin littafin kuma a sa ƙarin mai gyara a cikin baka ko a ƙasan layi, kamar yadda masu hashiya suka saba tun da can. Muna kira ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka da ƙungiyoyin marubuta da na masu wallafa su mayar da waɗannan layuka uku sharaɗi ga duk bugun da aka rubuta wa "an gyara an ƙara".

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Naka,
Wani lauya da wani mai tace littattafai,
Zariya.